Gurɓatacciyar iska da cututtukan tayrod

Tayrod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Da sinadarin aidin take haɗa homon biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya da yadda jiki ke sarrafa abinci. Idan aikinta ya yi rauni, mutum kan yi fama da kasala, jin sanyi da ƙiba. Idan ya wuce kima, sai rama, gumi da faɗuwar gaba. Kumburinta shi ne maƙoƙo. Ba a daɗe da fara sa gurɓatar iska cikin abubuwan da ake zargi da taɓa ta ba.

Abin da aka fi sa wa ido shi ne ƙurar da ake kira PM2.5, wadda faɗin ƙwayarta bai wuce maikromita 2.5 ba. Sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Daga hayaƙin motoci, masana'antu da ƙona itace ko gawayi take fitowa, kuma don ƙanƙanta tana kutsawa can cikin huhu, mafi ƙanana ma su shiga jini ɗauke da guba irin ta ƙarafa da ragowar ƙuna. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi a shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Hujjojin sun fi kauri a kan masu juna biyu. A watannin farko ɗan tayi da homon uwarsa ya dogara wajen ginin ƙwaƙwalwa, don tasa tayrod ɗin ba ta kama aiki sosai sai wajen tsakiyar ciki. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa mata kusan 10,000 daga Turai da Amurka, ya gano cewa waɗanda suka fi shaƙar PM2.5 a farkon ciki sun fi samun ƙarancin T4. A Beljiyam kuwa, a 2017, an ga raguwar T4 a jinin cibiyar jariran da uwayensu suka fi shaƙar ƙurar. Sai dai sakamakon bai zo baki ɗaya ba: a Kalifoniya, a 2018, ƙaruwar T4 aka gani a jarirai, ba raguwa ba.

Batun cutar kansa, wato ciwon daji, ya fi sarƙaƙiya. A 2013 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa gurɓatacciyar iska cikin abubuwan da ke haddasa kansa, amma a kan kansar huhu ta kafa hujjarta. Ita kansar tayrod, sanannen dalilinta shi ne tururin nukiliya, kamar yadda aka gani a jikin yaran Yukren da Belarus bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986. Ƙididdigarta ma tana da ruɗi. A Koriya ta Kudu masu ita sun ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, galibi saboda yawaitar hoton wuya. Manyan birane sun fi hayaƙi, kuma sun fi na'urorin gwaji, raba tasirin biyun kuwa aiki ne ja.

Hayaƙin da illarsa ta tabbata shi ne na sigari: yana ɗauke da sinadarin da ke tare wa aidin hanyar shiga tayrod, yana kuma ƙara haɗarin cutar Graves, wadda ke sa aikin tayrod ya wuce kima, musamman nau'in da ke turo idanu waje.