Murar RSV a jarirai: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Mece ce RSV ɗin nan?

Ƙwayar bairos ce da ke kama hanyoyin numfashi. Tun 1956 aka gano ta, kuma kusan kowane yaro yana kamuwa kafin ya cika shekara 2.

Wane antibayotik zan saya a kemis?

Ko ɗaya. Antibayotik ba ya kashe bairos. Ki ajiye kuɗinki, sai in likita ne ya rubuta saboda wata cutar ta hau kai. Sirof ɗin tari ma ba na jarirai ba ne.

Kakarsa ta ce a kai shi wurin wanzami a cire beli.

Haba! Tarin daga huhu yake tasowa, me beli ya yi? Ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Zuma ma kada a lasa masa in bai shekara ba.

Dare ne, asibiti da nisa. In jira safe ko in tafi?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsa ta da kalma ɗaya, don ban ga yaron ba. Yawancinsu majina ce da tari da ɗan zazzaɓi, cikin mako ɗaya zuwa biyu su warware, ko da yake tarin kan ɗan jima. Amma ciwon yakan fi tsananta a kwana na 3 zuwa na 5, saboda haka wanda ya yi wasa jiya yana iya rikicewa yau.

Ki ɗaga rigarsa lokacin da ba ya kuka, ki duba agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk jan numfashi, ko yana gurnani, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko numfashin yana ɗaukewa, ko ya kasa kama nono, to ba maganar safe. A tayar da mai babur.

In kuwa yana tsotso, yana jiƙa nafkin, idonsa tar, mai yiwuwa za ki iya jira, kina dubawa. Na ce mai yiwuwa. Bakwaini, da mai ciwon zuciya, da ɗan ƙasa da wata 3 mai zazzaɓi, ni dai ba zan jira da su ba ko da ƙirgen ya yi kyau. Kuma in hankalinki bai kwanta ba, tafi kawai, ba wanda zai yi miki dariya.

Laifina ne?

A'a, kwantar da hankalinki. Sau da yawa yayyensa ne ke kwaso ta daga makaranta. Amma masu zuwa barka su wanke hannu, mai mura kada ya sumbace shi, a kuma raba shi da hayaƙin itace da turaren wuta.

To me zan yi masa a gida?

Nono kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ki ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis kafin tsotso, ki share majinar.

Akwai rigakafi?

Akwai. A 2023 Amurka ta amince da allurar masu ciki da wata ta jarirai. Ki tambaya a wurin awo ko ta iso asibitinku.