Wai duk kifi sai da ƙaya?

Jama'a, tun muna yara muke jin ana cewa babu kifin da ba shi da ƙaya, kuma ba laifin kowa ba ne tunda a Kano tarwaɗa da karfasa muka saba ci. Amma a teku akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da doguwar jela, rey ake ce masa, ɗan'uwan shak ne, su duka babu ƙashi a jikinsu sai guringuntsi irin na kunnenka.

Shi ya sa idan ya mutu jikin ruɓewa yake, abin da masana suka fi tonowa haƙora ne da tsinin harbin da ke jelarsa. Wani dangin rey da masana ke kira Myliobatidae haƙoransu shimfiɗaɗɗu ne a jere, da su suke murƙushe kifayen ɓawo, kuma abin mamaki an samu irinsu a duwatsun Wurno can Sakkwato, domin wajen shekara miliyan 60 baya teku ne a gurin.

In kana so ka tabbatar, nemi hoton eksire na rey a intanet ka gwada da na tarwaɗa, sannan ka duba ko jami'a ko gidan tarihi ne suka saka. Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su gani.