Sutura mai ɗorewa a birnin Kano

Sutura mai ɗorewa ita ce wadda aka samar ba tare da an ɓata ƙasa da ruwa ba, ba a kuma tauye haƙƙin wanda ya noma audugar, ya saƙa, ya rina ko ya ɗinka ba, sannan ta jure wanki da sawa shekara da shekaru. Maganar ta yi ƙarfi a duniya bayan ruftawar ginin Rana Plaza a Bangaladash ranar 24 ga Afrilu, 2013, inda mutum fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu masu yi wa manyan kamfanonin Turai da Amurka ɗinki. A Kano, inda za a auna wannan batu shi ne karofi, wato wurin rini, da majema, da shagon tela.

Rini

Tun a ƙarni na 19 Kano ta yi suna da tufa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, ya tarar ana kai saƙar Kano har Timbuktu da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta kuɗin wadda ake fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300 aƙalla, wato farin kuɗin wancan zamani. Mata ke kaɗa zare da mazari a cikin gida, maza su saƙa, marina su rina, mabuga su buge har ta yi ƙyalli. Turkuɗin garin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, ta wannan hanya yake fitowa.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ita ce mafi shahara cikin waɗanda suka rage. Ramukanta masu zurfi ne, ana cika su da ruwa, a zuba ganyen baba da toka, a bar haɗin ya ruɓa, ana motsa shi da muciya har ya nuna. Idan aka tsoma farin ƙyalle aka ciro, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska tukuna ya juye shuɗi a gaban idon mutum. Yawan tsomawa shi ke sa duhun launi. Zanen da ake gani a jikin yadin kuwa, yawanci mata ne ke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo karofi.

Abin da ya fi cancantar a lura da shi a wannan sana'a shi ne ba ta zubar da komai. In ruwan baba ya mutu, ana kwashe laka da ta kwanta a gindin ramin, a shanya, a ƙona. Wannan shi ne katsi. Wani a mayar da shi cikin sabon haɗi, wani magina su gauraya shi da gashin jima da tsiron dafara su yi laso, wanda da shi ake shafe ramin rinin kansa, da rufin soro don kada ya yi yoyo. Ke nan sharar majemi da ta marini sun zama kayan aikin magini. Riga kuma in ta koɗe, ba jefarwa ake ba, karofi ake mayar da ita.

Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897 aka fara cin kasuwar baba. Yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun bushe, wasu sun cika da shara. Rinin shadda da ake yi a lunguna da sinadari da soda a cikin tafasasshen ruwa ya fi sauri da araha, amma ruwansa a kwata yake ƙarewa, kuma yana cin hannun mai yi.

Jima

Fatar jar akuya da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa take, ta Sahara ake ƙetarawa da ita. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jeme ta. Manyan kamfanonin fata na Challawa, Sharaɗa da Bompai kuwa da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma an daɗe ana kuka da dagwalon masana'antun da ke gangarawa kogin Challawa da rafin Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa. Takalmi ko jaka na iya yin kyau su kuma yi ƙarko, amma in lambun wani ya sha gubarsu, ba su cika sharaɗin ɗorewa ba.

Kasuwa da ɗinki

Masaƙun zamani na Kano da Kaduna sun durƙushe saboda rashin wuta, tsadar kayan aiki da fasa-ƙwauri, musamman bayan ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005. Yanzu mafi yawan atamfa da shaddar da ke Kantin Kwari daga Sin ake shigo da su, da yawansu kuma zaren roba ne da ake yi daga man fetur, mai riƙe zafi, wanda ba ya ruɓewa a bola. Gwanjon Ƙofar Wambai yana tsawaita ran tufa, yana kuma rufa wa talaka asiri, ko da yake shi ma yana rage wa masaƙin gida ciniki.

Inda Kano ta fi ƙasashe da yawa shi ne har yanzu mutum yadi yake saya ya kai wa tela a auna shi, don haka ba a tara dubban rigunan da babu mai so. Ana faci, ana rage wa ƙane rigar wa, ana kai hula wanki ta dawo kamar sabuwa. Abin da ke ɓata wannan shi ne yawan anko, wanda ake sawa biki ɗaya a tura ƙasan akwati.

Sai batun lada. Babbar riga mai aska takwas ta hannu kan ci watanni, hula mai kyau kan ci makonni, kuma galibi mata ke ɗinka hular a cikin gida. Abin da ke isa hannunsu kaɗan ne in aka gwada da farashin da dillali ke sayarwa, domin ba su ke zuwa kasuwa ba.