Warin rima a kilim ɗin mota

Warin rima shi ne warin da ke busowa daga kafofin iskar mota da zarar an kunna na'urar sanyaya iska, wadda a Nijar ake kira kilim, a Najeriya kuma esi. Ya yi kama da warin tabarmar da ta kwana a ɗaki mai laima. Ya fi ƙarfi a mintunan farko, daga baya ya lafa, ko kuma hanci ya saba da shi.

Inda warin yake fitowa

Galibin direbobi kafofin suke zargi, alhali su hanya ce kawai. Tushen yana can bayan allon gaban mota, a jikin wani ɗan ƙaramin lagireto na alminiyom mai suna ebaporata. Shi ke ɗaukar sanyi, iska ta ratsa shi ta shigo ciki. Yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, haka ruwa ke taruwa a jikinsa, ya gangara ta wani siririn tiyo ya ɗiga ƙarƙashin mota. Wannan ɗigon da ake gani bayan an tsaya ba matsala ba ce. Rashinsa a lokacin damina ne abin dubawa, domin alama ce tiyon ya toshe. Idan ruwa ya kwanta a wurin da ke da duhu da ɗumi, funfuna da ƙwayoyin cuta sun sami gida, kuma su ne masu warin.

A Maraɗi yanayi biyu ne ke haɗa hannu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cusa ƙura mai laushi cikin bututun iska, balle motar da ke bin hanyoyin jar ƙasa zuwa kasuwannin ƙauye. Muddin iska a bushe take, ƙurar ba ta wari. Sai damina ta faɗi, daga Yuni zuwa Satumba, ta jiƙe ta zama taɓo a tsakanin siraran haƙarƙarin ebaporata. Ganyen dogon yaro ma na da nasa laifin: ana ajiye mota a inuwarsa, ganyen ya zube cikin ragar da ke gindin gilashin gaba, inda motar ke shaƙar iskar waje, ya ruɓe a can.

Tsaftacewa

Su kansu kafofin ba su da wuya: burushin fenti mai laushi da tsumma mai ɗan danshi sun isa. Ragar gindin gilashi kuma a kwashe ganyen da hannu.

Abu na gaba shi ne matatar iska, wadda a motoci da yawa tana bayan akwatin takardu, gaban kujerar mai zaman banza. Kamfanoni kan ba da shawarar canza ta bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, ko sau ɗaya a shekara, amma wannan lissafin ƙasashen da ba su san hazo ba ne. A Sahel gara a duba ta ƙarshen kowane hunturu. Hura ta da iskar masu facin taya na rage ƙura, sai dai ba ya kashe funfuna, kuma yakan yaga takardar. Wasu tsofaffin motocin da aka shigo da su ta Kwatano ba su da matatar ma sam.

Ebaporata kuwa kumfa ta musamman ake fesa masa, ta tiyon ɗigon ruwa ko ta gurbin matata, a bar ta ƴan mintuna ta narke ta fito da dattin. Ruwan jabel, wato bilicin wanki, bai dace ba, yana cin alminiyom, tururinsa kuma na ƙona maƙogwaro. Bayan wankin a buɗe tagogi, a kunna hita da fanka a ƙarshen ƙarfinsu kamar minti 10. Maɓallin hita dai abu ne da direban Maraɗi kan yi shekara bai taɓa ba, amma a nan yana da rana. Don hana warin dawowa, a riƙa kashe sanyi a bar fanka kaɗai minti biyu ko uku kafin a isa gida.

Turaren wuta da ƙamshin ratayawa rufa-rufa ne kawai. Haka ƙara gas, wanda wasu makanikai ke saurin ba da shawara: gas ɗin kilim a rufaffen bututu yake zagayawa, ba ruwansa da rima.

Warin da ba na rima ba

Ɗoyin mushe yakan nuna ɓera ya mutu cikin bututu, abin da ya fi samun motocin da ke dakon gyaɗa, wake ko hatsi. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi tare da gilashi mai yin hazo ta ciki alama ce ruwan lagireto na yoyo daga hita, kuma wannan ruwan guba ne. Warin hayaƙin salansa a cikin mota shi ya fi haɗari, domin yana tafe da iskar kabon monoksaid wadda ita kanta ba ta da wari. A sauke gilasai, a nufi gareji nan take.