Sunan zuri'a a wajen Turawan Ingila: me ya haɗa masu suna Smith?

Ranar 11 ga Nuwamba 1965 wani Bature mai suna Ian Smith ya shelanta cewa Rodeshiya, ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, ta ɓalle daga hannun Birtaniya, ba don komai ba sai don tsirarun fararen fata su ci gaba da danne baƙaƙe masu ƙasa. Bayan shekara uku, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, wani baƙar fata ɗan Amurka, Tommie Smith, ya ci tseren mita 200 cikin daƙiƙa 19.83. Da ya hau dandamalin karɓar lambar zinare sai ya sunkuyar da kai, ya ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safa, don duniya ta ga halin da baƙaƙen Amurka ke ciki. Suna ɗaya, amma hanyar jirgi daban ta mota daban. Bahaushen da ya saba cewa sunan da ke bin na yanka na uba ne ko na kaka yana iya tambaya: to wane Smith ne ya haifi waɗannan?

Babu shi. Abin da Turawa ke kira surname, wanda muke yawan fassarawa da "sunan mahaifi" idan muna cike takarda, ba sunan mahaifi ba ne. Suna ne na gida gaba ɗaya, wanda ake gada. Uba ya gaje shi daga kaka, ɗa ya gada daga uba, haka zai yi ta gangarowa shekaru ɗaruruwa ba ya canzawa. A tsarinmu, ɗan Malam Isa Haruna shi ne Kabiru Isa, ɗan Kabiru kuma ya zama Nura Kabiru, kafin a kai jika sunan Haruna ya ɓace. A tsarin Ingila kuwa duk su ukun Haruna za a riƙa ce musu, da 'ya'yansu da tattaɓa kunnensu. Shi ya sa "sunan zuri'a" ko "sunan dangi" ya fi dacewa da shi, duk da cewa, kamar yadda za a gani, dangantakar ma ba kullum take nan ba.

Su ma Ingilishi ba da wannan tsari suka taso ba. Kafin shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, yawancin mutane suna ɗaya gare su. Manyan da suka zo tare da shi ne suka fara jingina kansu ga sunan garuruwa da filayen da suka mallaka, don a san na wa ne idan an zo rabon gado. A hankali abin ya gangaro wa talaka, kuma abu biyu suka tura shi. Na farko ƙarancin sunaye: a ƙarni na 13 da na 14 maza da yawa ba su wuce John da William da Richard da Robert da Thomas ba, sai ka tarar da John biyar a ƙauye ɗaya, dole a nemi laƙabin da zai raba su. Na biyu haraji. A 1377 aka ɗora wa duk wanda ya haura shekara 14 kuɗin kai, aka sake a 1379 da 1381, kuma mai karɓar haraji ba ya son ruɗani a littafinsa. Harajin 1381 ɗin ne ma ya tayar da boren manoma, wanda jagoransa Wat Tyler ke ɗauke da irin wannan laƙabi na sana'a, wato mai rufin ɗaki da fale-falen ƙasa. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun mai da laƙabi sunan gado. Da aka umarci coci-coci a 1538 su riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne, sai sunayen suka ƙara zama daram.

Laƙuban nan daga wurare huɗu suka fi fitowa. Akwai na uba: Johnson ɗan John ne, Jackson ɗan Jack, Wilson ɗan Will. Akwai na wuri: Hill mai gida kan tudu, Lincoln daga birnin Lincoln, Washington daga wani ƙauye a arewa maso gabashin Ingila inda kakannin shugaban Amurka na farko suka fito, Beckham ma sunan ƙauye ne a yankin Norfolk. Akwai na siffa, irin su Brown da White da Long da Armstrong, mai ƙarfin damtse. Sai na sana'a, kuma a nan Smith yake. Taylor tela ne, Baker mai gasa burodi, Miller mai niƙa, Carter mai amalanke, Thatcher mai baibaya, Smith kuwa maƙeri. Daidai yake da yadda za ka ji ana cewa Audu Maƙeri ko Garba Tela a unguwa, sai dai a ce sunan ya manne wa zuri'ar Audu har bayan shekara 600, alhali babu wanda ya taɓa riƙe zuga-zugi a cikinsu tun kakan kakansu.

Me ya sa maƙeri ya fi kowa yawa, ba manomi ba? Ai manomi ba ya bambanta kowa da kowa, tunda kusan duk garin noma ake yi. Laƙabi yana kama mutum ne idan sana'ar tasa ce shi kaɗai ko su biyu. Maƙeri kuwa kowane ƙauye na da nasa, domin babu garma, babu ƙusa, babu takalmin doki, babu takobi sai da shi. Saboda haka dubban maƙera a dubban ƙauyuka, waɗanda ba su san juna ba, kowannensu ya zama tushen gidan Smith nasa. Haka abin yake a wasu harsunan: Schmidt a Jamus, Lefebvre a Faransa, Ferrari a Italiya, Kowalski a Folan, Kuznetsov a Rasha, Haddad a wajen Larabawa, duk komawarsu ga ƙira. A yau Smith ne sunan da ya fi yawa a Ingila da Sikotilan da Ostireliya da Amurka, inda ƙidayar 2010 ta samu mutum sama da miliyan 2.4 masu ɗauke da shi. Yankin Wales ne ya fita daban, can Jones ke gaba. Masana ƙwayoyin gado na Jami'ar Leicester, Turi King da Mark Jobling, sun gwada maza masu sunan zuri'a iri ɗaya a Birtaniya, suka ga cewa idan sunan ba shi da yawa, galibi akwai kaka ɗaya a baya, amma masu suna Smith ba su fi kowane taron mutanen kasuwa kusanci da juna ba.

Ba ma duka ne suka samo sunan daga maƙerin Ingila ba. Wasu mutanen Sikotilan da Ailan masu suna irin MacGowan, wanda ke nufin ɗan maƙeri a harshensu, sun juya shi zuwa Smith don su saje. Jamusawa da dama da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun yi haka da Schmidt. Adam Smith, masanin tattalin arzikin nan da aka haifa a Kirkcaldy a 1723, wanda har yau ake jingina masa aƙidar sakin kasuwa ta yi halinta, mahaifinsa jami'in kwastan ne. Mahaifin Ian Smith daga Sikotilan ya je kudancin Afirka, ya yi kiwo da fawa.

Hanyar da ta fi ɗaci ita ce ta bauta. 'Yan Afirkan da aka kai gonakin Amurka da tsibiran Karibiyan an raba su da sunayensu na asali. Bayan an haramta bauta a Amurka a 1865, wasu suka ci gaba da amsa sunan ubangijin da ya mallake su, wasu suka zaɓi wani da kansu, kuma sau da yawa sukan ɗauki wanda ya fi yawa a gari ko na wani babban mutum. Ta haka aka wayi gari kusan kashi 90 cikin 100 na masu suna Washington a ƙidayar Amurka ta 2000 baƙaƙe ne. Ta irin wannan tarihi ne sunayen Ingilishi suka shiga gidajen baƙaƙen Amurka, har ake da Tommie Smith ɗan manoman auduga na Texas, da Will Smith jarumin fim ɗan Filadelfiya. Wasu sun ƙi yarda da wannan gado. Malcolm Little ya jefar da Little ya sa X a madadin sunan da aka ƙwace wa kakanninsa, Cassius Clay kuma ya koma Muhammad Ali a 1964, yana cewa na farkon sunan bawa ne. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma ma an yi makamancin haka: bayin da jiragen Birtaniya suka kuɓutar aka sauke a Saliyo sun ɗauki sunayen 'yan mishan da na masu ɗaukar nauyinsu, zuri'arsu suka dawo Legas da Abekuta da sunaye irin Crowther da Macaulay da Williams da Cole. Don haka wanda ya ji cewa Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya daga 1999 zuwa 2002 sunansa Musiliu Smith, Musulmi ɗan Legas, kada ya yi zaton Bature ne.

Arewa ma ta ga nata rabon na masu wannan suna, kuma a ganina sun fi na fim cancantar a san su. Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, shi ne gwamnan Jihar Arewa har zuwa 1957. Sunan nasa biyu ne aka haɗa da ɗan layi a tsakani, al'adar da wasu gidajen Ingila ke yi don kada sunan ɓangare ɗaya ya mutu, kuma idan ɗayan Smith ne, tana raba mutum da sauran dubban takwarorinsa. Sai M. G. Smith, wanda ba ma ɗan Ingila ba ne, ɗan Jamaika ne, ya yi bincike mai zurfi kan sarauta da mulki a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950. A wannan zaman ne matarsa Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Har yau da wuya ka sami abin da ya kai shi nuna yadda matar Bahaushe ta rayu a ƙarshen zamanin daular Sakkwato da farkon zuwan Turawa. Na ukun shi ne H. F. C. Smith, malamin tarihi da ya koyar a Ibadan, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Shi ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna, kuma ya rasu a 1984. Lura da abin da ya yi: ya canza sunan yanka, ya bar na zuri'a. Su ukun nan sun yi aiki a ƙasa ɗaya, a kusan zamani ɗaya, ba su haɗa dangi ba. Shi ma Ian Smith ya taɓo mu ta gefe, domin a kan rikicinsa ne Sir Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Legas a Janairun 1966, kwanaki kaɗan kafin juyin mulkin da ya ci rayuwarsa.

Mary Smith ta tuna mini wata ƙa'idar. Ba da sunan aka haife ta ba, aure ya ba ta. A al'adar Ingila mace kan ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji, ko da yake ba doka ce ta tilasta ba, kuma mata da yawa yanzu ba sa yi. Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya, 'yar gidan Roberts ce. Wannan ya saɓa wa abin da muka sani, inda mace ke riƙe sunan mahaifinta har kabari, malamai kuma na kafa hujja da ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu. Akwai kuma ladabin kira. A wajensu girmamawa ita ce a kira mutum da sunan zuri'a, a ce Mista Smith, sunan yanka sai abokai da 'yan gida. Amma laƙabin Sir da sunan yanka yake tafiya, shi ya sa ake cewa Sir Ahmadu ko Sir Abubakar, ba a cewa Sir Bello.

Mu dai makarantar boko ce ta fara tilasta mana suna biyu. Da yake Muhammadu da Abubakar sun yi yawa a aji, kuma kunya ba ta barin yaro ya riƙa ambatar sunan mahaifinsa gatsau, sai aka riƙa jingina ɗalibi ga garinsu. Daga nan aka samu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Tafawa Balewa, Sardauna ma da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina. Wasu sunayenmu ma sun riga sun zama na gado, kamar Shagari da 'Yar'aduwa da Ɗantata, wato abin da ya faru a Ingila a ƙarni na 14 yana faruwa a nan a gaban idonmu, kuma a nan ma takardun hukuma ne ke tura shi. Fasfo da lambar NIN da BVN da rajistar JAMB duk suna da gurbin sunan zuri'a, kwamfuta kuma ba ta san cewa Kabiru Isa da Kabiru Isa Haruna mutum ɗaya ba ne. Wanda ya sa sunan uba a takardar sakandare, ya sa na kaka a banki, ya sa na gari a fasfo, shi ne za ka gani a ƙofar kotu yana neman takardar rantsuwa, daga nan ya wuce ofishin jarida ya biya kuɗin sanarwar gyaran suna.