Maƙwabcinka ba ya salla, ko ana zarginsa da neman maza: me doka ta ce?

Wata rana bayan isha'i mai gidan hayar da nake ciki ya tara mu a zaure, mu ƴan haya wajen takwas, a kan wani saurayi da ke ɗakin ƙarshe kusa da rijiya. Wai an lura wata uku ba a ganinsa a sahu, wani ya ce ya taɓa jinsa a wajen mai shayi yana cewa shi fa yana da shakku kan addini, wani kuma ya ƙara da cewa ai duk baƙinsa maza ne, kuma sai ya rufe ƙofa. Kafin ka ce kwabo har an fara maganar a watso masa kaya waje kafin asuba. Ina zaune ina kallon takalminsa a bakin ƙofa, shi yana ciki bai ma san abin da ake ƙullawa ba. Na ce, "Alhaji, don Allah a dakata, abin nan zai iya juyewa a kanmu." Dalilina na faɗin haka shi nake so in warware a nan, don na ga mutane da yawa suna cakuɗa abin da suke ƙi da abin da doka ta hana.

Mu fara da rashin imanin. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya ƴancin tunani da na addini, har ya ambaci ƴancin sauya addini ƙarara. Sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sai sashe na 36(12) wanda ya ce ba a hukunta mutum kan wani laifi sai in an rubuta laifin da hukuncinsa a cikin doka. Lokacin da Zamfara ta fara shari'a zamanin Ahmad Sani Yarima, sauran jihohi suka biyo har suka kai 12, majalisun jihohin ba su jera ridda cikin laifukan da suka rubuta ba. Wato a addinance malamai suna da maganarsu kan wanda ya bar Musulunci, amma a dokar ƙasa ba wata takardar tuhuma da za a rubuta a ce wane ya daina salla ko ya daina yarda da Allah.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mutum ya furta a fili. Sashe na 210 na Final Kod, wato dokar laifuka ta jihohin arewa, ya hana cin zarafin addini ta yadda zai iya tada zaune tsaye, sashe na 114 kuma yana magana kan tunzura jama'a. Da irin waɗannan aka kama Mubarak Bala. Tun 2014 ya bayyana cewa ya bar addini, har danginsa suka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, amma ba a gurfanar da shi kan wannan ba, sai a Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubuce-rubucensa na Facebook. Babbar kotun jihar Kano, ba kotun shari'ar Musulunci ba, ita ta ɗaure shi shekara 24 a Afrilun 2022 bayan ya amsa laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 5 a 2024. A Kano ɗin dai akwai sashe na 382(b) na dokar shari'a wanda ya tanadi kisa kan ɓatanci ga Annabi (SAW), da shi aka yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukunci a Agustan 2020, daga baya babbar kotu ta soke ta ce a sake shari'ar saboda ba shi da lauya. A 2025 kotun ECOWAS ta ce sassan nan biyu, 210 da 382(b), sun saɓa wa yarjeniyoyin kare haƙƙin ɗan adam da Najeriya ta sa wa hannu, amma wannan bai goge su daga littafi ba. Don haka duk wanda ke da irin ra'ayin nan ya sani, abin da ke zuciyarsa nasa ne, fostin ɗin da ya saki kuma wani zai iya ɗaukar hotonsa ya kai caji ofis.

Batun neman jinsi kuwa ba zan ɓoye ba, doka ta yi tsauri. Sashe na 284 na Final Kod da sashe na 214 na dokar laifuka ta kudu duk shekara 14 suka sa. Dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta ƙara da shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, ko ya kafa musu ƙungiya, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. A jihohin shari'a hukuncin luwaɗi na iya kaiwa ga jefewa. To amma a lura, duk waɗannan aiki suke hukuntawa, aikin da aka tabbatar gaban alƙali. Ba su ce mai sanyin murya ba, ba su ce wanda ya kai arba'in bai yi aure ba, ba su ce wanda abokansa ke kwana a ɗakinsa ba, in haka ne ai rabin ɗakunan samarin garin nan sun shiga uku. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ce kowa marar laifi ne sai an tabbatar, sashe na 37 kuma ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, saboda haka fizge wayar mutum a tilasta masa ya buɗe WhatsApp ba hurumin ƴan unguwa ba ne, ba na ƴan sintiri ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zauren nan shi ne masu ƙafafar nan ba su san shari'ar da suke kira ita za ta fara kama su ba. Jifan mutum da zina ko luwaɗi ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, bulala 80, kuma yana rubuce a dokokin shari'a na jihohin. Shaidun ma sai waɗanda suka gani da ido, ba "na ji an ce" ba. Leƙen tagar mutum da bin diddiginsa kuwa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana. Da na tambayi mai maganar rufe ƙofa, "Malam, kai ka gani?" sai ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa.

Korar ɗan haya ma tana da tsari. A yawancin jihohi mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sai dai in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban, bayan nan a ba shi na kwana bakwai, in ya ƙi tashi a je kotu. Mai gida bai da ikon ɓalle ƙofa ko cire kwano ko zubar da kaya, in ya yi haka, shi mai gidan za a ci tara. Duka kuwa da ƙona ɗaki da kisa laifuka ne masu zaman kansu, ba ruwan doka da abin da aka ce wanda aka daka ya aikata, kisan kai a sashe na 221 na Final Kod hukuncinsa kisa ne. Na sani a aikace ba kullum ake kama masu yi ba, kuma wannan na ci min rai ƙwarai. Mun ga yadda gungun mutane suka kashe ɗaliba Deborah Samuel kan zargin ɓatanci a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato a Mayun 2022, mun ga yadda aka kashe mahauci Usman Buda a garin dai a Yunin 2023, shi Musulmi ne ma, magana ce aka ce ya faɗa a kasuwa, babu alƙalin da ya saurari ɗayansu. A Gishiri ta Abuja kuma wata guda bayan dokar 2014 gungun mutane suka fito da maza sama da goma daga ɗakunansu cikin dare suna duka.

Wanda ya tsinci kansa a irin halin saurayin nan, in an kama shi yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Akwai Legal Aid Council mai ba marasa hali lauya kyauta, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna da ofisoshi a jihohi.

Alhaji dai a daren ya ce kowa ya koma ɗakinsa. Bayan sati biyu ya rubuta notis ya ba yaron hannu da hannu, shi kuma bai jira wa'adin ya cika ba, ranar wata Asabar da sassafe ya kira mai kura ya ɗora katifarsa da risho da buhun littattafai. Ni na kama masa katifar muka fitar, ya ce min, "Yaya, na gode," ko kallon sauran ɗakunan bai yi ba.