Ciwon Kafaɗa da Sagewar Hannu: Abin Lura Kafin a Je Wurin Mai Gyaran Gaɓoɓi

A wurin aikinmu na kiwon lafiya muna yawan karɓar mutanen da ke kukan ciwo daga gindin wuya zuwa kafaɗa, yana gangarowa ta cikin dantse har ƙaramin yatsa da na kusa da shi, suna cewa hannun yakan sage ko ya yi nauyi da zarar sun ɗaga shi sama. Da yawansu sun riga sun ga bidiyon da ake murɗa wuyan mutum ya yi ƙara, kuma tambayarsu ɗaya ce: ko su ma su nemi kairofurakta, wato mai gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu?

Akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Ta nan ne jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi zuwa hannu suke ratsawa, tare da manyan jijiyoyin jini biyu, ɗaya mai kai jini, ɗaya mai dawo da shi. Idan hanyar ta ƙara tsukewa sai ta matse abin da ke bi ta cikinta, kuma wannan larura ce likitoci ke taƙaita sunanta da TOS. Tsokokin wuya da suka ɗaure na iya jawo ta, haka ma tsohuwar karaya ko fizgar wuya a haɗarin mota, da yawan zama a duƙe kafaɗu sun zubo gaba. Wasu kuma an haife su ne da ƙarin haƙarƙari a wuya, kimanin mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ta fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 50. Ɗan ga-ruwa mai saɓa sanda a kafaɗa, da mai fenti da ke wuni hannu a sama, da tela da mai kitso, duk sana'arsu tana takura wannan wuri.

Abin da nake so a fahimta shi ne larurar iri uku ce, kuma ba a yi musu magani ɗaya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita jijiyar saƙo ce ta matse, kuma waɗannan sukan samu sauƙi da motsa jiki na musamman da ke sassauta tsokar wuya da ƙirji, ya ƙarfafa ta bayan kafaɗa, tare da gyara yadda ake zama da ɗaukar kaya. Abin yana cin watanni, yana kuma buƙatar haƙuri. Sauran ƙalilan ɗin, masu ragowar iri biyun, su ne abin tsoro, domin jijiyar jini ce ta matse, ko mai dawo da jini ko mai kai shi. Idan hannu ya kumbura farat ɗaya ya yi duhu, mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe hanya, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan kuwa hannun ya yi sanyi ya koɗe, jini ne ba ya isa gare shi. Mai irin waɗannan alamu asibiti zai nufa a ranar, kada ya bari a yi masa tausa ko murɗa, ko a wurin kairofurakta ko a wurin maɗori. Haka nan ciwon hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji, gumi da haki, wannan yana iya zama ciwon zuciya, shi ma asibiti za a nufa nan take.

Sana'ar kairofurakta ta faro ne a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a hannun Daniel David Palmer. Ba na kore amfaninta, domin an ga tana rage wasu nau'o'in ciwon baya, kuma ƙwararre a cikinta yakan sassauta tsoka ya koyar da motsa jiki kamar yadda ma'aikacin sashen gashin ƙashi ke yi. Sai dai hujjar cewa murɗa gaɓa na warkar da TOS ba ta da ƙarfi. Ita kuwa ƙarar da ake ji, iska ce a ruwan gaɓa, ba alamar ƙashi ya koma mazauninsa ba ce. Fizgar wuya da ƙarfi an danganta ta da tsagewar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wanda ya faɗa wa, rayuwarsa ta sauya.

Shi ya sa nake roƙon a fara da gwaji. Likita zai iya sa mutum ya ɗaga hannuwa yana damƙewa yana buɗewa na minti 3 don ganin ko alamun za su taso, ya sa a ɗauki hoton wuya da ƙirji, a yi sikanin jijiyoyin jini in da hali, domin zamewar faifan ƙashin wuya da matsewar jijiya a wuyan hannu suna kama da wannan larura ƙwarai. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi. Wanda bayan gwaji ya zaɓi zuwa wurin kairofurakta, ya nemi ganin takardar rajistarsa, ya nuna masa sakamakon asibiti, ya kuma faɗa masa ƙarara cewa bai yarda a fizgi wuyansa ba. Idan ya lura naman gindin babban yatsansa yana ramewa, ko kofi yana suɓuce masa daga hannu, ya dakatar da zuwa ya koma wurin likita, domin a wannan mataki wani lokaci sai an yi tiyata an cire haƙarƙarin farko kafin jijiyar ta samu sarari.